Tomas Tafireta da Jitar Ikilisiya

Ku matso nan inuwa, wanda bai sami kujera ba ga gefen tabarma, a bar wa dattawa wurin jingina. Labarin Tomas Tafireta zan ba ku yau, mutumin da ya yi shekara goma sha biyar a Dutsin-Ma, ya kuma bar garin yana hushi da shi a kan jita guda ɗaya da aka hana shi riƙewa. Duk wanda ya zauna garin a wancan zamani, in bai san fuskarsa ba, to ya san ƙarar yatsunsa.

A shekarar 1973 ya sauko daga motar Zariya, da akwatin ƙarfe ɗaya, da amaryarsa Justina, da wata takardar shaida da ta ce yana iya buga kalma sittin a minti guda a kan tafireta. Mutumin kudancin Zariya ne, dogo, siriri, kullum riga a cikin wando, biro biyu a aljihun gaba. Takardar nan ya sa aka yi mata gilashi, ya rataye ta a ɗaki sama da hoton aurensu. Justina ta kalli bango, ta kalle shi, ta ci gaba da jera kayanta. Mace ce mai haƙuri, kuma haƙurin ya sami aikin yi a gidan nan.

Wani ofishin gwamnati ya ɗauke shi aikin buga takardu. Gaskiya dai a faɗe ta, yatsun Tomas ba irin na kowa ba ne. Ba ya kallon haruffa, taga yake kallo. Mutanen ƙauyukan Karofi da Makera in sun shigo gari neman wata takarda, sai su manta abin da ya kawo su, su yi cirko-cirko a bakin taga suna kallon hannu yana rawa a kan ƙarfe. Shi kuma da ya ga an taru sai ya ƙara wuta, 'yar ƙararrawar injin tana ta kuka a ƙarshen kowane layi. Nan sunan Tafireta ya bi shi, har aka manta sunan ubansa.

Abin da mutanen taga ba su sani ba, Tomas bai taɓa karanta abin da yake bugawa ba. Wasiƙar ta'aziyya da takardar neman siminti duk ɗaya ne a wurinsa, haruffa ne da za a wuce. Akwai ranar da shugaban ofis ya gaji da makararsa, ya rubuta masa takardar gargaɗi da hannu, ya cusa ta cikin tarin aikin ranar. Tomas ya buga ta tsaf, har da kofe biyu, ya sa a ambulan. Malam Atiku, tsohon masinjan ofis, ya karɓa, ya duba sunan, ya zagayo tebur a hankali, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Malam Tomas, ga saƙonka. Yau dai ban sha rana ba."

Tomas ya buɗe, ya karanta, ransa ya ɓaci. Can kuma ya ɗaga takardar wajen haske, ya ce, "Amma bugun ya yi kyau. Ko gyara ɗaya babu."

To kun ji irin mutumin.

Jita ta shigo rayuwarsa a 1976, lokacin da aka turo wani ɗan bautar ƙasa daga Ikko, mai suna Julius, ya kama ɗaki a gidan hayar da su Tomas suke. Julius ya zo da jitar katako, da rikoda, da kaset-kaset na wani kiɗa da yake kira jaz. Ba irin na da ba mai busa a hankali. Sabon salo ne da ake haɗa shi da ganguna masu ƙarfi da jitar lantarki, ba waƙa, kiɗa zalla. Wani lokaci mai jitar ya ruga kamar dokin da ya tsinke igiya, wani lokaci kuma ya tsaya a kan sauti ɗaya ya yi ta lallashinsa.

Ranar da Tomas ya fara jin gudun nan, cokali ya faɗi daga hannunsa. Ya gane abin nan take. Wannan ai aikinsa ne, sai dai an yi shi a kan tsirkiya.

Julius, da 'yar Hausarsa ta kasuwa, yakan ɗaga yatsa ya ce, "Oga Tomas, ji nan. Sauti ɗaya ne fa, amma ji yadda ya murɗa shi har ya yi kuka."

"Hutawa yake yi," in ji Tomas. "Ya gaji ne. Wuce da mu inda yake aiki."

Sai ya zare kaset, ya zura masa biro, ya juya ya wuce wurin sanyin. Da shekarar Julius ta cika zai koma gida, ya bar masa jitar da kaset uku, don ya ga in bai bar su ba mutumin nan zai iya bin sa har tasha.

Daga nan gidan haya ya shiga uku. Kullum in an tashi aiki, da la'asar, Tomas zai fito da kujera ƙarƙashin itacen bedi da ke tsakar gida, ya kife turmin Justina, ya cire agogon hannunsa ya ɗora a kai. Yadda aka koya masa tafireta haka ya koya wa kansa jita. Zai ɗauki gudu ɗaya daga cikin kaset, mai sauti arba'in, ya maimaita shi yana duban agogo, ya rubuta a takarda. Wannan watan daƙiƙa tara, watan gobe takwas. In ya rage rabin daƙiƙa, ranar har naman miya yake ƙarawa.

A lokacin sun sami 'yarsu Zipporah. Wata rana ya ɗago kai yana haki ya ce, "Maman Zipporah, kin ji? Daƙiƙa shida."

"Na ji, Baban Zipporah. Har na fito da gudu in kwashe shanya. Na zaci ƙanƙara ce ke sauka a kan kwano."

Tomas ya ji daɗin maganar nan ƙwarai. Ya faɗa wa mutum uku a ofis.

Kada ku ce ina rage masa. Kafin 1980 babu gudu ɗaya a cikin kaset ukun nan da bai haddace ba, wasu ma ya fi mai kaset sauri. Yatsa bai taɓa sauka a inda ba wurinsa ba. Da za a jera masu jita daga Katsina har Funtuwa, a ce a yi tsere, da Tomas ya isa ya sha ruwa kafin na biyu ya taso. Matsalar ita ce abin da ke fitowa. Sautinsa siriri ne, busasshe, kamar ana zuba tsakuwa a tasa. Tsirkiya ba ya canja ta sai ta tsinke, ko da ta yi tsatsa. Ɗan robar da yake kaɗawa da shi daga fasasshen bokiti ya yanko, bai taɓa tsayawa ya ji ko wani robar zai fi daɗi ba. Kunnensa yana wurin, amma bai taɓa ba shi aiki ba. In wani ya yi ƙarfin hali ya ce, "Malam Tomas, na kaset kamar ya fi shiga rai," amsa ɗaya ce.

"Tasa ta lantarki ce. Ku bari in kama ta lantarki ku gani."

Wannan ya zama burinsa na duniya, ya riƙe jitar lantarki a gaban jama'a. A duk Dutsin-Ma kuwa babu ko ɗaya.

A ranin 1981 Malam Atiku masinja ya gayyace shi sunan jikarsa a Kurfi. Tomas ya ɗaure jita a baya, ya hau babur. Da hantsi, bayan an raɗa suna an raba goro, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, wani makaɗi ya zauna. Rabe sunansa, manomi ne daga Wurma, sai an gama aikin gona yake ɗauko kukumarsa, 'yar goge ƙarama da ba ta fi ƙoƙon shan fura ba, tsirkiya ɗaya ta gashin doki. Rabe bai yi gaggawa ba. Ya goga ta sau ɗaya, dogon ja, ya bar sautin ya yi rawa a iska kafin ya sauke shi. Masu taunar goro suka dakata. Wata tsohuwa da ta fito da ƙwarya a ka ta tsaya a bakin zaure, ta manta inda za ta.

Tomas ya karkata wajen Atiku, ya yi raɗa irin wadda ake ji har bayan gida. "Tsirkiya ɗaya. Ni shida gare ni, kowace da gaɓar ɗora yatsa goma sha tara."

Rabe ya sauke kukuma. "Malam Atiku, baƙon naka mi ya ce?"

"Cewa ya yi shi ma makaɗi ne."

"To bismilla, Malam. A ba mu na birni mu ji."

Abin da yake jira ke nan. Ya kwance jita, ya gyara zama, ya saki yatsu. Minti biyar yana hawa yana sauka a wuyan jitar, mutane suka matso suna leƙen hannunsa kamar yadda ake leƙen mai dabo. Da ya tsaya, gumi na ɗiga daga haɓarsa, aka yi tsit. Ba wanda ya san ko an gama.

Rabe ya gyaɗa kai. "Sannu da aiki, Malam. Hannu kam ya yi. Amma don Allah, wa ke bin ka?"

"Ban gane ba."

"Na ga tun da ka fara kake gudu, ko waiwaye ba ka yi ba. Na ce in wani abu ne a baya, ka faɗa mana mu ma mu tashi."

Aka kwashe da dariya har cikin gida. Tomas ya ɗaure jitarsa, ya ƙi tsayawa cin waina. Da ya isa gida ya ce wa Justina hassada ce irin ta ƙauye, kuma da ta lantarki ce da ba su sami bakin magana ba.

To ana nan, a 1984, sai ga ta lantarki ta zo.

Cocin da su Tomas ke zuwa ƙarami ne, na ma'aikata baƙi da 'yan iyalai kaɗan daga ƙauyukan kewaye. Wani ɗan ikilisiya da ya daɗe yana aiki a Kaduna ya aiko da kyautar jita ja mai walƙiya, da akwatin lasifikarta, wanda ake haɗawa da batirin mota. Ranar da aka buɗe kwalin a gaban jama'a, Tomas bai ji wa'azi ba ko kalma ɗaya. A ransa an gama magana. Wa kuma za a ba?

Ashe akwai wanda za a ba. Baba Kefas kafinta ya fi shekara goma yana raka zumuntar mata, wato ƙungiyar matan cocin masu waƙa, da wata tsohuwar jita da shi ya liƙe ta da gam har sau uku. Gajere ne, mai kaurin hannu, zarto ya taɓa cin kan yatsansa ɗaya. Kamu uku kaɗai ya sani, wato wurare uku da yake ɗora yatsu, duk a can saman wuyan jita, kuma da babban yatsa yake kaɗawa. Shi bai nemi komai ba. Matan ne suka ce nasu ne.

Fasto da dattawan ikilisiya suka zauna, suka yanke cewa jitar ta rakiyar waƙa ce, saboda haka ranar Lahadi bayan sujada kowannensu zai raka zumuntar mata, a ji, sannan a zaɓa. Wanda aka zaɓa shi zai riƙe ta, shi zai je da ita duk wani taro.

Sai in gaya muku yadda matan nan ke waƙa, don a nan maganar take. Sukan tsaya a jere da zane iri ɗaya, wata na buga tulu, wata na kaɗa caki. Mai ba da waƙa ta jefa layi ɗaya, ta yi shiru, sannan 'yan amshi su karɓa gaba ɗaya. Mai ba da waƙarsu ita ce Mama Magdalina, tsohuwa mai murya kamar ta namiji, wadda take ƙirƙirar waƙoƙin da kanta.

Ranar Lahadi aka fara da Tomas. Ya murɗa duk maɓallan lasifika har ƙarshe. Kafin a ce a fara waƙa ya yi wa jama'a gaisuwa da gudu na minti uku, samari suka tafa, ƙadangarun bango suka watse. Lantarkin da ya shekara takwas yana jira ya iso, abin da ya yi kawai shi ne ya mai da tsakuwar nan ta zama duwatsu. Tomas bai lura ba. Murmushi yake.

Mama Magdalina ta jefa layin farko, ta yi shiru. Tomas ya ga fili, ya cika shi taf da sauti ashirin. 'Yan amshi suka buɗe baki, suka rasa ta inda za su shiga, suka rufe. Ta sake jefawa, ya sake cikawa. Mai tulu ta duba mai caki. A layi na huɗu rabi sun shigo da wuri, rabi sun makara, wata ta fashe da dariya a cikin gyale. Mama Magdalina ta ɗaga hannu aka tsaya.

"Ɗana Tomas, sannu. To mu a ina za mu sa bakinmu?"

Aka miƙa wa Baba Kefas. Ya riƙe ta kamar an ba shi jaririn wani. Ya kaɗa tsirkiya ɗaya, ya yamutsa fuska, ya rage wani maɓalli. Ya sake kaɗawa, ya rage wani. Ya daɗe yana wannan, kunne a jikin lasifika, har Tomas ya yi tsaki ya ce wa na kusa da shi, "Bai ma san inda ake kunnawa ba." Da ya gama, sautin ya fito da kauri da ɗumi, kamar muryar mutum a ɗakin ƙasa. Mata suka yi waƙarsu daga farko har ƙarshe. Sau biyu Baba Kefas ya kama ba daidai ba. Ba wanda ya waiwaya.

Da an bar wa mata, da a nan aka gama. Amma dattawa suka rabu. Wasu suka ce baiwa irin ta Tomas ba a wasa da ita, kuma in aka je taro da shi, sauran ikilisiyoyi za su san Dutsin-Ma ta zo. Fasto, mutum ne mai gudun ɓata wa kowa, ya roƙi Mama Magdalina ta ba shi mako guda.

Ta yarda. Ta kira Tomas gefe ta ce, "Abu ɗaya nake so. In na jefa waƙa, ka ɗauke hannu. Ka jira 'yan amshi, ku shigo tare. In ka iya wannan ranar Lahadi, ni da kaina zan ce a ba ka."

Tomas ya kusa yin dariya. Mutumin da ya ci gudu mai sauti arba'in a daƙiƙa shida, shi za a gwada da shiru? Amma ba ya raina jarrabawa. Ranar Alhamis da yamma, lokacin da matan ke koyon waƙa, ya zo ya zauna a bencin baya, da agogo a hannu ɗaya, biro a ɗaya. Duk sanda Mama Magdalina ta yi shiru, ya auna. Daƙiƙa huɗu. Huɗu. Huɗu da ɗan abu. Huɗu. Ya cika shafi guda, ya ja layi a ƙasa, ya rubuta huɗu, ya zagaye ta.

Justina tana cikin 'yan amshi, ta ga abin da yake yi. A hanyar gida ta daure ta yi magana, abin da ba ta saba ba.

"Baban Zipporah, mu ba ƙirga muke ba. Kafaɗarta muke kallo. In ta sauke kafaɗa, shi ne za mu karɓa."

"Kafaɗa ba ma'auni ba ce."

"Wata rana takan daɗe."

"In ta daɗe ita ta yi kuskure. Ga shi a rubuce."

Kwana biyu ya yi a ƙarƙashin bedi yana horar da kansa. Ya kaɗa, ya ɗauke hannu, ya ƙirga huɗu, ya shigo. Maƙwabta suka yi ta tambayar Justina ko maigidan ba shi da lafiya.

Lahadi ta zo, coci ya cika, har waɗanda suka daina zuwa sun zo kallo. Tomas ya zauna a gaba da jar jita, ya cire agogo ya ɗora a gwiwa. Waƙar farko mai rawa ce, ta tafi lami lafiya. Huɗu ya ƙirga, huɗu ta kasance, dattawan da ke goyon bayansa suka fara kallon juna suna gyaɗa kai.

Sai Mama Magdalina ta ɗauko ta biyu. Waƙar da ta yi wa mijinta ce, wanda ya rasu a daminar da ta wuce, ya faɗi a gona. Ranar Alhamis ta yi ta ne kawai don mata su riƙe amshi. Amma yau ƙanen marigayin ya zo daga garinsu gaishe ta, yana zaune a benci na biyu, kamarsu ɗaya da ɗan'uwansa har furfurar gefen kunne. Ta jefa layin da kowa ya sani: "Ka tafi ka bar goranka a rataye." Amshinsa shi ne, "Inda ya je akwai ruwa." Da ta kai ƙarshen layin idonta ya faɗa kan ƙanen. Kafaɗarta ta tsaya a sama. Mata ashirin suka riƙe numfashi suna jiranta. Mai tulu ta ɗora tafinta a bakin tulu. Ko tari ba wanda ya yi a cocin nan. Kowa ya san za ta sauke, in ta shirya.

Kowa ban da mutum ɗaya, wanda kansa ke sunkuye a kan agogo. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Tomas ya sauke hannu da ƙarfinsa, lasifika ta yi tsawa, kuma da yake ya ji hannu ya saki, ya bi ta da ɗan gudu mai kyau, mai tsabta, har ƙasan wuyan jita.

Shi kaɗai ya shigo. Ƙanen marigayin ya zabura a benci. Mama Magdalina ta juyo a hankali, hawaye a kumatu, ta dube shi. Da a nan ya yi shiru, wataƙila da an ce tsautsayi ne. Amma Tomas ya ɗago kai, ya ga mata baki a rufe, ya zaro takarda daga aljihu ya ɗaga.

"Ku kuka makara. Ni daidai na shigo. Huɗu ne, ga shi."

Justina ta rufe fuska da gyale. Mafi tsufa cikin dattawa, wanda shi ne ya fi kowa goyon bayan Tomas, ya tashi da sandarsa, ya taka har wurin batir, ya cire wayar. Ba a yi wata shawara ba, ba a ɗaga hannu ba. Aka karɓi jitar aka miƙa wa Baba Kefas, Mama Magdalina ta share fuska, ta sake ɗauko waƙarta daga farko. A wannan karon shirun ya fi na ɗazu tsawo. Baba Kefas ya zauna da babban yatsa a kan tsirkiya, idonsa a kanta, har ta sauke.

Kashegari da safe Baba Kefas ya rufe shagonsa ya je ofis, don abin ya dame shi. Ya tsaya a bakin taga, hula a hannu.

"Malam Tomas, ni ban nema ba, ka sani. Na ce ko za mu haɗu, ka koya mini ɗan gudun nan naka, ko kaɗan ne, ni kuma in nuna maka abin da na iya."

Tomas bai daina bugu ba. "Kai kuma me ka iya, Baba Kefas?"

Tsoho ya sosa ƙeya. "Gaskiya ban san sunansa ba."

"To abin da ba shi da suna ba a koyar da shi. Ka gaida gida."

Shekara huɗu ya ƙara a Dutsin-Ma. Bai daina zuwa coci ba, amma ya koma bencin ƙarshe, yana ƙirga kurakuran Baba Kefas, in an tashi ya faɗa wa duk wanda bai yi saurin tserewa ba. Yau bakwai, makon jiya tara. Ya ce garin ne ba shi da kunne. Ya ce a Ikko da tuni an ɗauke shi a faifai. Matan kuwa suka yi ta zuwa taro da jar jita, suna dawowa da murya a dushe don waƙa.

Bayan an ƙirƙiro jihar Katsina ya nemi a mai da shi Kaduna, aka amince a 1988. Ana gobe zai tafi, da rana tsaka, ya je yi wa Fasto sallama, ya roƙi a nuna masa jitar. Aka ɗauko. Ya juya ta wajen haske, ya nuna wuyanta da yatsa. Gaɓa uku na sama sun sha hannu har fenti ya goge, katako ya fito. Daga nan zuwa ƙasa kuwa tana walƙiya kamar ranar da aka fito da ita daga kwali.

"Ka gani, Fasto? Shekara huɗu, ko rubu'inta ba a taɓa ba. Wannan shi ne alhakin da kuka ɗauka."

Fasto ya ce in yana so ya kaɗa ta sau ɗaya kafin ya tafi. Aka haɗa batir. Cocin ba kowa sai Larai mai shara. Tomas ya zauna ya zuba duk abin da ya tara a shekara goma sha biyu, tun daga gaɓar farko har ta ƙarshe, minti goma cif, yatsa bai zame ko sau ɗaya ba. Ya tsaya, ya rufe ido, yana jiran abin da za a ce.

Larai ta matso da tsintsiya ta ce, "Baban Zipporah, ɗan ɗaga ƙafarka in share nan."

Da safe aka ɗora akwatin ƙarfe a motar Zariya. An ce ya rayu da lafiyarsa, yatsu ba su taɓa rage sauri ba har tsufa. To ku da kuka zauna kuka ji, ku faɗa mini. Asara ikilisiya ta yi da ta bar hannu irin wannan ya tafi, ko kuwa duk shekarun nan Tomas bai ma fara koyon jita ba?